Gangar birki idan ta ƙi fita: yadda ake cire ta da yadda hausa take faɗar aikin

0. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a garejin gyaran mota, a Yamai ne ko Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, ya san wannan jimla: «gangar ta ƙi fita». An kwance ƙafar baya, an jingine taya gefe, saura a zare tukunyar ƙarfen da ke rufe da kayan birki, amma ta tsaya gam. Abin da ke biyo baya galibi shi ne a aiki yaro ya ɗauko babbar guduma. Sau da yawa gangar takan fita, sai dai ta fita da tsagewar da ido ba ya gani, ko ta fito ta bar takalman birki a lanƙwashe, bayan nan kuma motar ta koma kan hanya ɗauke da mutane.

A cikin wannan ƙasida muna so mu yi abu biyu. Na farko, mu bayyana yadda birki mai ganga yake aiki, da dalilan da ke hana gangar fita, da matakan da ake bi a cire ta ba tare da ɓarna ba. Na biyu, mu nuna cewa jimlar nan «ta ƙi fita» tana rufe halaye huɗu daban-daban, kowane da maganinsa, kuma hausa tana da aikatau na musamman ga kowane ɗayansu. Makaniken da ya zaɓi aikatau ɗin da ya dace ya riga ya san kayan aikin da zai ɗauko. Inda wani abu yake da suna a faransanci, mun kawo shi sau ɗaya a gefen na hausa, domin mai karatu ya iya komawa ga littattafan masu ƙera motoci.

1. Birki mai ganga

1.1. Asalinsa da kayansa

Louis Renault ne ake danganta wa birki mai ganga irin wanda muka sani, tun shekarar 1902. Ya yi zamani a ƙafafun mota huɗu har zuwa lokacin da birki mai faranti ya fara yaɗuwa, musamman bayan fitowar Citroën DS a 1955. Tun daga nan ganga ta bar ƙafafun gaba sannu a hankali, amma ta zauna a baya, saboda tana da arha, tana rufe kayan ciki, kuma haɗa ta da birkin hannu yana da sauƙi. Ita ce a bayan yawancin tsofaffin Corolla da Hiace da Hilux da Peugeot 205 da 206 da ke bin hanyoyinmu. Har motar lantarki ta Volkswagen ID.3, wadda ta fito kasuwa a 2020, ganga gare ta a baya.

Ga kayan da za mu riƙa ambatawa:

a) ganga (tambour): tukunyar ƙarfen zubi mai baki a buɗe, wadda ke juyawa tare da taya. Faɗin cikinta yana kamawa daga milimita 180 a ƙananan motoci zuwa wajen 300 a manyan motocin ɗaukar kaya masu buɗaɗɗen baya;
b) cibiya (moyeu): ƙarfen tsakiya wanda ganga da taya suke zaune a kansa;
c) faifan baya (flasque): farantin da ba ya juyawa, wanda sauran kaya ke rataye a jikinsa;
d) takalma biyu (mâchoires): ƙarafa masu siffar jinjirin wata, an liƙa musu ferodo (garniture), wato abin da ke gogar ganga;
e) silinda (cylindre de roue): inda man birki ke tura fistan biyu, su buɗa takalma;
f) resor: waɗanda ke mayar da takalma ciki idan an saki birki, da ƙanana biyu masu ƴar ƙusa da ke riƙe kowane takalmi a jikin faifai;
g) tauraruwa (molette de rattrapage): ƙaramin gargare mai haƙora da ke rage tazara tsakanin takalmi da ganga gwargwadon cinyewar ferodo.

1.2. Yadda yake aiki

Idan direba ya taka birki, mai yakan tura fistan, takalma su buɗe su matse bangon ganga ta ciki. Gogayyar nan ita ke mayar da gudun mota zafi. Mu ɗauki mota mai nauyin kilo 1000 tana gudun kilomita 90 a awa, wato mita 25 a daƙiƙa. Kafin ta tsaya cak sai birki ya shanye wajen kilojul 312, kusan abin da ake bukata a kai lita ɗaya ta ruwa daga digiri 25 zuwa tafasa. Ƙafafun gaba ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka, amma abin da ya rage wa baya ya isa ya sa ganga ta yi zafi ta huce sau da yawa a tafiya guda.

Abu biyu ya kamata a riƙe tun yanzu. Ƙarfen zubi yana da tauri, yana jure zafi, amma ba ya lanƙwasa: idan bugu ya fi ƙarfinsa tsagewa yake yi, kamar tukunyar ƙasa. Sa'an nan takalma ba sa gogar dukan faɗin bangon ganga. Akwai ƴar tsiririyar da suke bari a baki. Daga waɗannan abubuwa biyu ne mafi yawan wahalar cirewa take fitowa.

2. Halaye huɗu na ƙin fita

2.1. A ɗaure take

Wannan shi ne mafi sauƙi, kuma shi aka fi mantawa. Wasu gangunan suna da ƙaramin sukuru ɗaya ko biyu a fuska, ko ƴan zobban ƙarfe da aka danna a kan ƙusoshin ƙafa tun daga masana'anta. Idan laka ta rufe su ba a ganinsu. Akwai kuma motocin da gangarsu da cibiya abu ɗaya ne, da boris a ciki, kamar yawancin ƙananan Peugeot da Renault. Irin wannan gangar babban noti ne ke riƙe da ita a bayan wata ƴar hula ta ƙarfe, kuma komai bugun da aka yi mata ba za ta motsa ba sai an kwance shi.

2.2. Ta manne

Ramin tsakiyar ganga yana shiga kan cibiya daidai wa daida, kusan babu tazara. Idan danshi ya shiga wurin sai tsatsa ta tsiro, ita kuwa tsatsa tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi, ninki biyu ko fiye. Ta haka take cike ƴar tazarar, ta haɗe ƙarfen biyu. Ana iya tsammanin wannan ba matsalar ƙasa mai fari ba ce, amma shekaru da dama galibin motocinmu tsofaffi ne da suka shigo daga Turai ta tashoshin ruwa na Kwatano da Lome, bayan sun sha gishirin da ake watsawa a kan hanya lokacin ƙanƙara. Da tsatsarsu suke zuwa, ruwan damina da tsallaka koramu su ƙara mata.

2.3. Ta maƙale

Yau da gobe takalma suna cin bangon ganga, su haƙa wata hanya marar zurfi, su bar tsiririyar bakin nan a tsaye. Ita muke kira leɓe. Tauraruwa kuma tana ta buɗa takalma don su bi bangon da ke ja da baya, har su zauna cikin hanyar, a bayan leɓe. Idan aka jawo ganga sai leɓen ya sarƙe da gefen takalma. Rairayi da ƙurar hunturu da jar ƙasar hanyoyin karkara, idan suka shiga ciki, aikin wasa suke yi, su gaggauta zurfafar hanyar.

2.4. Ta cije

A nan takalma ne ke matse da ganga ko da ba a taka birki ba. Dalilai sun haɗa da birkin hannu da ba a saki ba, ko wayarsa da ta ƙi komawa cikin kubenta, ko fistan da ya ƙage cikin silinda, ko ferodo da ya ɓalle daga takalmi ya shiga tsakani. Haka nan motar da ta shiga ruwa aka ajiye ta makwanni da birkin hannu a ɗaure, tsatsa takan liƙe ferodo da bangon ganga.

3. Gane halin da ake ciki

Kafin a taɓa guduma, gwaji biyu da hannu sun isa: a juya ganga, sa'an nan a jawo ta. Idan motar da ƙafar baya take ja, kamar Hilux, sai an fitar da giya tukuna, in ba haka ba gangar ba za ta juya ba ko lafiyarta ƙalau. Tattaunawa irin wannan ita ce ke raba halayen:

(1) Maigida, gangar ta ƙi fita.
(2) Tana juyuwa ko ba ta juyuwa?
(3) Tana juyuwa, amma ko motsi ba ta yi in na jawo.
(4) Tana tahowa kaɗan, sai ta tsaya, in na saki ta koma.
(5) Ko juyuwa ba ta yi.

Amsa ta (3) tana nufin ɗaya daga cikin biyu: a ɗaure take, ko ta manne. Sai a goge fuskar ganga a duba sukuru ko noti. In babu, tsatsa ce. Amsa ta (4) maƙalewa ce, kuma komawar da gangar ke yi shaida ce cewa takalma ake jawowa tare da ita, resor na mayar da su. Amsa ta (5) cijewa ce. Halayen suna iya haɗuwa a ganga ɗaya. Idan haka ta faru, ana fara da sakin takalma, a ƙare da tsatsa, domin ƙarfin da za a sa wa tsatsa kada ya faɗa kan takalma.

4. Matakan cirewa

4.1. Shiri

A tsayar da mota a wuri mai daidai, a tokare ƙafafun gaba ta gaba da baya, domin za a saki birkin hannu. A sassauta notunan ƙafa tun taya tana ƙasa, a ɗaga da jak, a ɗora motar kan ƙafafun ƙarfe na tokara (chandelles). Jak kayan ɗagawa ne kawai, ba a barin mota a kansa ana bugu da jijjiga. Bulon siminti kuma yakan ruguje ba sanarwa. Inda ƙasa rairayi ce, a sa katako mai kauri ƙarƙashin abin tokara. Daga nan a cire taya, a saki birkin hannu sarai.

4.2. Idan a ɗaure take

A cire sukuru ko zobba. Sukurun da ya ƙi, a sa masa turnabis irin wanda ake bugawa a gindi. In kansa ya lalace a huje shi da injin huji. Ga ganga mai boris a ciki, a ɓamɓare hular, a miƙe bakin notin inda aka danne shi, ko a zare ƴar ƙusar da ke kulle shi, a kwance. Idan boris mai tsini ne da ke fitowa daban, a tare shi da hannu kada ya faɗa cikin ƙasa.

4.3. Idan ta cije

A duba wayar birkin hannu ta ƙarƙashin mota, a sassauta notin da ke ja mata, a ga ko ta saki. In ana zaton mai ne ya tsaya da matsi, a buɗe sukurun fitar da iska da ke bayan silinda kaɗan. In mai ya fito da ƙarfi ganga ta saki, to laifin yana wajen bututu ko babbar silinda, kuma dole a fitar da iska daga baya. In ferodo ne ya liƙe, a ƙwanƙwasa kewayen ganga da gudumar roba ko ta tagulla, ana gwada juya ta gaba da baya da doguwar sanda tsakanin ƙusoshi, bayan an mayar musu da notuna don kare zarensu.

4.4. Idan ta maƙale

Maganin leɓe shi ne a mayar da takalma ciki, kuma hanyar ta danganta da irin motar. A yawancin motocin Japan akwai wata taga a faifan baya, da toshiyar roba. A cire toshiyar, a sa siririn turnabis a ture ƴar sandar da ke kulle tauraruwa, a sa na biyu a juya haƙoranta. Akwai alamar da ke nuna an kuskure wajen juyi: idan tauraruwa tana tafiya da ƙara ƙas-ƙas ba tare da an ture sandar ba, buɗa takalma ake yi, gangar kuma za ta ƙara tsukewa. A wasu motocin Faransa ta ramin sukurun ƙafa ake shiga, a ture sandar birkin hannu da ke jikin takalmi har ta wuce matokarinta, takalma su rufe. A tsofaffin Golf da Polo wani ƙarfe ne mai siffar tsinke wanda ake turawa sama ta wannan ramin. Motocin da suka fi waɗannan tsufa suna da kawunan gyara a bayan faifai, ana juya su da sifana.

Idan tauraruwa ta ƙage ba ta juyuwa, dabara ta ƙarshe ita ce a yanke kawunan ƴan ƙusoshin nan biyu ta bayan faifai. Takalma sai su biyo ganga waje kaɗan, a samu damar raba su da ita. Ƙusoshin ba su da tsada, amma dole a sa sababbi.

4.5. Idan ta manne

A goge tsatsar da ke kewaye da cibiya da buroshin ƙarfe, a zuba man sassauta tsatsa (dégrippant) a mahaɗar da kuma gindin ƙusoshi, a jira minti 15 zuwa 30. Man kada ya yi yawa har ya gangara ciki. Sa'an nan a bubbuga fuskar ganga tsakanin ƙusoshi, ana juya ta, domin girgiza ce ke farfasa tsatsa. Ba a dukan bakin ganga ta baya da ƙarfi, kuma ba a sa ƙarfe tsakaninta da faifai a yi banƙara, saboda faifan siriri ne, in ya karkace takalma ba za su sake zama daidai ba.

Yawancin gangunan Toyota da na wasu motocin Japan suna da ramuka biyu masu zare a fuska, an yi su musamman don wannan rana. Galibi sukuru mai kaurin milimita 8 da tazarar zare 1,25 ke shiga. A ɗaura biyu har su taɓa cibiya, a riƙa ƙara wa kowane rabin juyi bi da bi. Za a ji ƙara ɗaya, gangar ta rabu. In ta rabu da cibiya amma sukurun suka ci gaba da nauyi, a dakata: leɓe ne ya kama, a koma ga 4.4. Wanda ya ci gaba da ɗaurawa zai tsinke kayan ciki ko ya tsaga fuskar ganga.

In duk wannan bai yi ba, ana iya sa zafi. Ƙarfen zubi yana buɗewa da wajen kashi 1 cikin 100.000 na tsawonsa ga kowane digiri. Ramin milimita 60, idan aka ƙara masa digiri 100, zai buɗe da wajen milimita 0,06. Wannan kaurin gashin kai ne, amma ya isa ya karya tsatsa, muddin gangar ce ta yi zafi cibiya ba ta yi ba. Don haka wutar a fuskar ganga ake zagaya ta, da sauri, ba a bari ƙarfe ya yi ja. A goge mai tukuna, a tuna tankin mai yana kusa, kuma zafi mai yawa yana narkar da giris, ya ƙone robobin silinda.

5. Ƙurar da ke ciki

Da ganga ta fita, baƙar ƙura ce ke fara bayyana, kuma al'adar da aka saba ita ce a hure ta da baki ko da iskar kwamfaresa. Shekaru da yawa ana yin ferodo da amiyant (amiante), wani ma'adini mai zare-zare da ke jure zafi. Zarensa idan ya shiga huhu ba ya fita, yana kawo taurin huhu da sankara, kuma ciwon ba ya bayyana sai bayan shekara 20 zuwa 40. Faransa ta hana amfani da shi daga 1 ga Janairu 1997, Tarayyar Turai ta hana gaba ɗaya a 2005, Amurka kuma ta fitar da dokar hana nau'in da ya rage a 2024. Amma har yanzu ana haƙo shi a wasu ƙasashe, kuma ido ba ya bambanta ferodo mai amiyant da marar shi. Yaron da ya fara koyon aiki yana ɗan shekara 14 shi ne ke da isassun shekaru a gaba da ciwon zai same shi, kuma shi ake ba aikin share ƙura.

Ka'idar mai sauƙi ce: a ɗauka kowace ƙurar birki tana da haɗari. A jiƙa ta da ruwan sabulu ko da maganin wanke birki, a bari ta gangara cikin tasa, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a ƙulle tsumman cikin leda. A wanke hannu kafin cin abinci.

6. Dubawa da mayarwa

A buɗe gefe ɗaya a gama shi kafin a taɓa ɗayan, domin ya zama abin koyi. Hoto da wayar hannu ma yana taimakawa. Kada kowa ya taka birki ganga tana waje, fistan za su fice, mai ya zube. A jikin ganga akan rubuta iyakar faɗin da aka yarda cikinta ya kai, galibi milimita 1 zuwa 2 sama da na sabuwa; wadda ta wuce nan, ko ta tsage, ta gama aiki. Ferodon da ya sauka zuwa milimita 1 ko 1,5, ko ya sha mai, a sauya shi, kuma ƙafa biyu tare ake sauyawa don kada mota ta riƙa ja gefe. A ɗaga robar silinda a ga ko tana yoyo.

Kafin mayarwa a share leɓen da dutsen wasa ko a injin gyaran ƙarfe, a goge cibiya, a shafa mata giris mai jure zafi shafa ɗaya siririya. Wannan shi ke sauƙaƙa wa mai buɗewa na gaba. Notin cibiya da ake danne bakinsa sabo ake sawa, a ɗaure shi da awon da mai ƙera mota ya faɗa, wanda a wasu ƙananan Peugeot yake kai wajen 200 N.m, boris mai tsini kuwa ɗauri kaɗan yake so. A ƙarshe a tattaka birki har ya yi tauri, a gyara birkin hannu, a gwada motar a hankali kafin a ba mai ita.

7. Abin da harshen aikin yake nunawa

Idan muka duba kalmomin da muka yi amfani da su, za mu ga rabuwa a fili: sunayen kaya galibi aro ne, aikatau kuwa na gida ne. Claude Gouffé ya yi nazarin kalmomin faransanci a hausar Nijar tun 1971, kuma gareji yana cikin wuraren da aron ya fi yawa. A garuruwan da ke kusa da iyaka, inda kayan gyara ke zuwa daga Kano da Katsina, abu ɗaya yakan yi suna biyu: jak da kirik, noti da ekuru, boris da rulma, sukurudireba da turnabis, na farko daga ingilishi, na biyu daga faransanci, lafazi yana ɗan sauyawa daga gari zuwa gari. Dukansu sun bi tsarin gaɓar hausa, wadda ba ta fara kalma da baƙi biyu a jere, sai an sa wasali tsakani, kamar yadda ya faru ga birki. Wasu kuma sunayen kamfani ne da suka zama sunan abu tun a faransanci: ferodo daga kamfanin Ingila da Herbert Frood ya kafa a 1897, da lokid, man birki, daga sunan Lockheed.

Dalilin da ya sa ba a bukatar aron aikatau shi ne tsarin azuzuwa bakwai da F. W. Parsons ya bayyana a 1960, inda saiwa ɗaya ke ba da ma'anoni da yawa ta sauya wasalin ƙarshe da karin sauti. Aji na 4, mai ƙarewa da -e, shi ke ɗauke da rabuwa da kuma cikar aiki: cire, zare, kwance, goge, haka nan manne, maƙale, cije, tsage. Aji na 6, mai -o, yana nuna motsi zuwa wajen mai magana: ciro, jawo, fito. Aji na 7, mai -u, idan yana cikin lokaci mai ci, yiwuwa yake nunawa, shi ya sa tambaya ta (2) ta ce «tana juyuwa», wato ko ana iya juya ta, ba «tana juyawa» ba.

Ninka gaɓar farko ma yana da aiki a nan. A kwatanta:

(6) Buga mata guduma.
(7) Bubbuga ta tsakanin ƙusoshi.

Umurni na (6) bugu ɗaya ne mai ƙarfi, ba a faɗi wurin ba. Na (7) bugu ne da yawa, a rarrabe. Ga abin da muka faɗa game da ƙarfen zubi, na farko yana iya tsaga ganga, na biyu tsatsa yake farfasawa. Haka yake tsakanin sassauta da kwance: notin wayar birkin hannu sassauta shi ake yi, notin cibiya kuwa kwance shi ake yi.

8. Kammalawa

Mun ga cewa ƙin fitar ganga hali huɗu ne: a ɗaure take, ta manne, ta maƙale, ko ta cije, kuma juyawa da jawowa da hannu sun isa a raba su. A cikin huɗun, mannewa da liƙewar ferodo ne kaɗai ke bukatar bugu, shi ma a hankali. Ga masu shirya littattafan koyar da sana'a cikin hausa, shawararmu ita ce a bar sunayen kaya yadda makanikai suka san su, a jera na ingilishi da na faransanci gefe da gefe inda suke biyu, amma a tsananta wajen zaɓen aikatau, a kuma sa sashen ƙura cikin darasi na farko. Irin wannan bayani ya kamata a yi shi ga birki mai faranti da kuma fitar da iska daga man birki, inda aikatau na aji na 5, irin su fitar da zubar, za su fi yawa.